Sana'ar ba da shawara kan kiyaye lafiya a gona da sito: ta ina za ka fara, kuma wa zai biya ka?

Duk wanda ya taɓa bi ta gonakin Kura ko Kadawa a lokacin noman rani ya san wannan hoton: saurayi da injin feshi a goye, daga shi sai singileti da silifa, magani na ɗiga a gadon bayansa. In bakin injin ya toshe, ya kwance shi ya sa a baki ya hura. In robar magani ta ƙare, a ɗauraye ta a bakin ruwa, a kai gida a zuba man gyaɗa ko gishiri.

Mutane da dama da suka karanta aikin gona ko lafiyar muhalli, ko suka shekara da shekaru suna aikin malamin gona, in suka ga haka sai su ce a ransu, ai nan akwai aiki. Kuma akwai ɗin. Sana'a ce mai zaman kanta mutum ya buɗe ofishinsa, masu wuraren aiki su riƙa kiransa yana duba musu inda haɗari yake, ya koyar da ma'aikatansu, ya rubuta musu abin da za su gyara, a biya shi. A Nijeriya akwai masu yin ta, sai dai galibinsu suna Legas da Fatakwal, wajen kamfanonin mai da na gine-gine. A ɓangaren noma kuwa fili ne fetal.

To amma ganin aiki daban, samun mai biya daban. Manomin da ke da kadada ɗaya ba zai ciro kuɗi daga aljihunsa ya ba ka don ka ce masa ya sa safar hannu ba, kuma ba laifinsa ba ne, kuɗin taki ma da ƙyar ya haɗa. In ka gina sana'arka a kansa, kafin kaka ka rufe ofis. Don haka tambayar farko ba ta satifiket ba ce, ba ta ofis ba ce. Tambayar ita ce: wa ke yin asarar kuɗi in aka yi ganganci da magani ko da inji? Wannan mutumin shi ne abokin cinikinka.

Masu biya

A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya. Dalili kuwa, an riƙa samun maganin ƙwari mai suna dichlorvos a cikinsa, wanda ake rubutawa DDVP a jikin roba, shi ne dai sinadarin da ke cikin Sniper da fiya-fiya. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo, amma an samu daga 0.03 har zuwa 4.6. Ba a gona aka zuba yawancin wannan maganin ba, a sito aka zuba shi, don gudun kada wake ya yi ƙwari kafin farashi ya tashi. Ka ga abin da ke cutar da yaron sito da mai cin waken, shi ne kuma ya rufe wa 'yan kasuwa ƙofa ta shekaru.

Daga nan za ka gane sahun farko na masu biya: masu fitar da riɗi, zoɓo, citta, wake da waken suya zuwa waje, da dillalan da ke tara musu kaya a kasuwanni irin su Dawanau. Mutumin da ya san in gwaji ya nuna magani za a dawo masa da kwantena guda, ba sai ka yi masa dogon wa'azi ba. Haka kuma gonar da ke neman shaidar GLOBALG.A.P. don sayar wa Turai dole ta nuna takardar tantance haɗari ga ma'aikatanta, da shaidar an horar da masu feshi, da littafin da ake rubuta kowane feshi. Wani ne zai shirya musu waɗannan.

Sahu na biyu su ne masu injina: injinan gyaran shinkafa, na matsar mai, na haɗa abincin kaji, da manyan gidajen kaji. Su doka ta hau kansu. Dokar masana'antu, wadda ke babi na F1 a kundin dokokin tarayya na 2004, ta wajabta a yi wa masana'anta rajista, a killace sassan inji masu haɗari, kuma a kai rahoton duk haɗarin da ya kashe ma'aikaci ko ya hana shi aiki fiye da kwana uku. Dokar biyan ma'aikata diyya ta 2010 kuma ta ce mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun NSITF. Masu ƙananan injina da yawa ba su ma san da zaman waɗannan dokokin ba, sai ranar da bel ya kama hannun riga ya tafi da hannun yaro, dangi suka cika ƙofar inji.

Sahu na uku, kuma nan ne sabon shiga ya fi samun ƙofa: kamfanonin da ke ba manoma iri da taki da magani bashi su sayi amfanin da kaka, da ƙungiyoyin manoma, da shirye-shiryen noma da Bankin Duniya ko IFAD ke ba kuɗi. Irin waɗannan shirye-shiryen suna zuwa da sharaɗin tsarin amfani da maganin ƙwari da kare ma'aikata, kuma suna neman wanda zai je ƙauye ya koyar da Hausa, ba wanda zai karanta takarda a otal ba. Ta wannan hanya ƙaramin manomin nan mai kadada ɗaya zai amfana da kai, amma wani ne ya biya.

Shawarata, ka zaɓi sahu ɗaya ka fara da shi. Wanda ya rubuta a allonsa yana duba gona, da sito, da masana'anta, da gidan mai, da makaranta, mutane za su ɗauka bai iya ko ɗaya ba.

Ilimi da takardu

Nan ba zan tsawaita ba. Rajista a hukumar CAC ake yi, ta intanet, ko dai sunan kasuwanci ko kamfani mai iyakantaccen alhaki. Tun dokar kamfanoni ta 2020 mutum ɗaya ma yana iya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. Sunan kasuwanci ya fi sauƙi da araha, amma a nan kai da sana'ar abu ɗaya ne: in aka kai ƙara, dukiyarka ce a gaba. A sana'ar da shawara ɗaya mara kyau za ta iya jawo rai ko asarar kaya, kamfani ya fi kwanciyar hankali, kuma manyan masu ba da kwangila sun fi son sa. Ka samu lambar haraji, ka buɗe asusun banki da sunan kamfanin, kada ka riƙa karɓar kuɗin aiki ta asusun da kake cefane da shi.

A ɓangaren shaidar ƙwarewa, akwai cibiyar ISPON da dokar 2014 ta ba ikon yi wa masu wannan sana'a rajista a Nijeriya, kuma tana ba da horo mataki-mataki. Akwai satifiket ɗin NEBOSH na Ingila, wanda manyan kamfanoni suka sani, sai dai yana da tsada, ba dole ka fara da shi ba. Ƙungiyar CropLife tana horar da masu yi wa manoma feshi na haya, kuma ga wanda zai yi harkar feshi wannan horon ya fi kusa da abin da zai tarar a gona. Kan harkar adana amfani, cibiyar NSPRI da ke Ilori tana da reshe a Kano. In kuma kana so ka wuce ba da shawara, ka riƙa turara sito da kanka, wannan wani lasisi ne daban a wurin hukumar da ke kula da ma'aikatan lafiyar muhalli, wato duba-gari.

Takarda dai tana buɗe ƙofa ne kawai. In ba ka taɓa goya injin lita 16 a cikin zafin watan Maris ba, shawararka za ta fito kamar ta baƙo, kuma manoma suna gane baƙo tun daga sallama.

Abin da kake sayarwa

Kashin bayan sana'ar shi ne ziyara da rahoto. Ka je wurin, ka zagaya, ka tsaya ka kalli yadda ake aikin a ranar aiki ta gaske, ka tambayi masu yi da hannu ba manaja kaɗai ba, sannan ka rubuta.

Mu ɗauki sitom wake. Abin da za ka fara nema shi ne da me ake kashe ƙwari. In ka ga robobin DDVP a lungu, ka riga ka san ana yayyafa wa hatsi abin da ba a yi shi don a zuba a abinci ba. In ƙwayar Phostoxin ko 'yan'uwanta ake sawa, to tambayoyi sun yi yawa. Wannan ƙwayar mai nauyin giram 3, da ta sha danshin iska take sakin giram 1 na iskar fosfin, iskar da ke kashe ƙwaro kuma take kashe mutum, kuma ba ta da makari a asibiti. Wa ke sa ta, da hannu tsirara ko da safa? An lulluɓe buhunan da tamfol mara huda an danne gefensa, ko jefa ƙwayar ake yi cikin buhu a ɗinke? Kwana nawa ake bari a rufe? Ƙasa da kwana biyar zuwa bakwai aikin banza ne, ƙwan ƙwaron bai mutu ba, sai dai a ƙara musu juriya. Akwai mai gadin da ke kwana a ciki, ko ɗakin da ya haɗa bango da siton? Wannan ta ƙarshe ita ce tambayar da ke ceton rai, domin iskar tana bi ta tsagar bango da ƙarƙashin rufi, kuma akan samu iyalin da suka kwanta lafiya a ɗakin da aka ajiye hatsin da aka sa wa ƙwayar, gari ya waye ba su tashi ba. Sai garin tokar da ke saura bayan ƙwayar ta narke: ina ake kai shi?

Ga inda gwani ke bambanta da mai karanta littafi. Mai karanta littafi zai rubuta: a sayo takunkumi. Gwani zai fara tambaya ko za a iya raba wurin da haɗarin gaba ɗaya. Buhun PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, yana kashe ƙwaron wake ta hanyar hana shi iska, ba tare da ɗigon magani ba, muddin waken ya bushe sosai kuma an ɗaure kowace leda daban. In mai sito ya koma wannan, ba ya buƙatar takunkumi, ba ya tsoron gwajin Turawa. In ba zai yiwu ba saboda yawan kaya, sai a koma ga ware wurin turarawa nesa da wurin kwana, a horar da mutum biyu su kaɗai ke yi, a rataya alama a ƙofa. Kayan kariya na jiki su ne mataki na ƙarshe, ba na farko ba, saboda su ne abin da mutum ya fi saurin cirewa in ya ji zafi.

Haka abin yake a gona. Kowa ya san ana son rigar feshi mai dogon hannu, da rambut, da safar roba, da tabarau, da takunkumi. Amma wanda ya ce wa mai feshi ya sa duk wannan da ƙarfe ɗayan rana, ya san ba za a yi ba. Abin da zai yiwu shi ne a mayar da feshi sassafe ko da yamma lis, lokacin da iska ta kwanta, mai feshi ya riƙa tafiya iska na kaɗa maganin nesa da shi, a gyara injin da ke yoyo, a ajiye tsinke ko ɗan buroshi don bakin inji. Kuma a gane cewa lokacin haɗa magani ya fi lokacin feshi haɗari, domin a nan ne ake taɓa shi da kaurinsa. Ko da safa ɗaya ce a gonar, ta mai haɗawa ce.

Ka koya musu karanta zanen launin da ke ƙasan takardar roba: ja shi ne mafi guba, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Wanda bai yi boko ba ma zai riƙe wannan. Ka nuna musu inda aka rubuta kwanakin da za a jira tsakanin feshi da girbi, abin da masu tumatir da kabeji suka fi takewa. Robar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, ana juye ruwan a cikin injin feshi, sannan a huda ta don kada ta koma kicin. Ka kuma riƙa bin sanarwar NAFDAC, domin jerin magungunan da aka hana yana canzawa. Gamalin da endosulfan sun daɗe da shiga ciki, an hana paraquat daga farkon 2024, chlorpyrifos da atrazine suka biyo baya, amma har yanzu za ka iya cin karo da su a kanti. Duk robar da ba ta da lambar NAFDAC, ko aka ɗura ta a kwalbar lemo ana sayarwa a awo, ta shiga rahotonka.

Wani darasi da bai kamata ka tashi daga taro ba ka yi shi ba shi ne abin yi in magani ya kama mutum. Alamun irin su DDVP sanannu ne: yawu na dalala, gumi, amai, ƙwayar ido ta ƙanƙance, numfashi na sarƙewa. Al'adarmu a ɗura wa mutum madara ko manja, ko a sa masa yatsa ya yi amai. Duka ba daidai ba ne, suna iya tura abin cikin huhu. A fitar da shi daga wurin, a cire masa kayan da suka jiƙe, a wanke shi da ruwa da sabulu, a garzaya asibiti tare da robar maganin, don likita ya san abin da zai yi. Tun kafin ka je koyarwa a gari, ka binciki asibiti mafi kusa da ke ajiye allurar atrofin, ka rubuta sunansa a bangon ɗakin ajiyar magani. A yankunan da kububuwa ta yi yawa, irin su Kaltungo a jihar Gombe inda har asibiti na musamman aka yi don saran maciji, ka haɗa da wannan ma, tunda rambut ɗin da ke kare ƙafa daga magani shi ne ke kare ta lokacin girbi.

Injin shinkafa kuwa idonka ya tafi kan bel da fulin da ba su da murfi, wayoyin lantarki a ƙasa kusa da ruwa, tukunyar turara shinkafa, ƙurar ɓuntu, janareta a ɗaki rufe, da buhunan da aka jera har rufi ba ɗauri. Ƙara ma haɗari ce: desibel 85 na tsawon awa 8 ita ce iyakar da aka saba amfani da ita, kuma in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke gabanka ya ji ka, to ana kusa da ita ko an wuce.

Rahoton kada ya wuce shafi biyu ko uku, da hotuna. A sama ka sa abu uku da za a gyara cikin makon nan, waɗanda ba sa cin kuɗi sosai, sannan na wata guda, sannan na kafin kaka mai zuwa, kowanne da sunan wanda zai yi. Rahoto mai shafi arba'in durowa yake shiga. In mai wurin Hausa ya fi karantawa, ka rubuta da Hausa, ka ajiye na Turanci don masu sayen kayansa.

Farashi da lokutan aiki

Kayan farawa ba su da yawa: cikakken kayan kariya naka na kanka, injin feshi na nuni, waya mai kyamara mai kyau, kwamfuta, abin hawa ko da babur ne. Na'urar auna fosfin tana da tsada, sai ka samu aikin sito a kai a kai za ka saye ta. Ofis zai iya jira.

Wajen yanka farashi, ka fara sanin kuɗin yininka: abin da kake buƙata a shekara, da kuɗin tafiyar da sana'ar, ka raba da kwanakin da za a biya ka da gaske. Kada ka raba da kwanakin shekara duka, domin wajen rabin lokacinka zai tafi a neman aiki, da rubutu, da bin bashi. Ziyarar yini ɗaya tana cin wani yinin na rubuta rahoto, ka sa shi a lissafi. Kuɗin mota da masauki daban. Ka karɓi wani kaso kafin ka tashi, musamman a aikin shirye-shirye, inda biya kan yi wata da watanni.

Aikin kuma yana bin shekarar noma. Horar da masu feshi kafin faɗuwar damina ake nema, wajen Afrilu da Mayu. Aikin sito daga Oktoba zuwa Disamba. Masu noman rani daga Nuwamba. Injina su ne ke aiki kusan duk shekara, shi ya sa yarjejeniyar zuwa duk wata uku da inji biyu ko uku ta fi babbar kwangila guda da ba ta maimaituwa. Aikin farko yawanci ta hannun wanda ya san ka yake zuwa: shugaban ƙungiyar manoma, malamin gona na KNARDA ko takwarorinta, sarkin noma, shugaban 'yan kasuwar hatsi. Ka yi wa ƙungiya ɗaya horo kyauta in ya kama, amma ka ɗauki sunayen mahalarta da hotuna da takardar shaida daga shugabansu, ita za ka nuna wa mai biya.

Tarko biyu

Da zarar manoma sun fara jin maganarka, mai shagon magani zai neme ka. Zai ce ka riƙa ambaton kayansa, yana ba ka kamasho. Kuɗin a farko zai ma iya fin na shawarar. To amma ranar da ka tarar maganin da ya dace shi ne a daina sayen magani, a koma buhun PICS, bakinka zai yi nauyi. Kuma labari ba ya ɓuya a kasuwa. Ɗan kasuwar da ya ɗauke ka don ka gaya masa gaskiya kan sitonsa, in ya ji kana cin la'ada a wurin mai sayar masa da magani, ba zai sake kiranka ba. In kana son sayar da safa da rambut da takunkumi saboda babu su a garin, ka yi a fili, da rasit daban, ka kuma faɗa musu inda za su samu a wani wuri.

Na biyu shi ne sa hannu. Za a zo maka da takarda a ce masu sayen kaya na jira, ka sa hannu an horar da mutum hamsin, ko an duba sito, daga baya a yi. Sa hannunka shi ne abin da za a ɗauko in wani ya mutu ko kwantena ta dawo. Don haka kowane aiki, komai ƙanƙantarsa, ya zama da yarjejeniya a rubuce: wuraren da za ka duba, ranar da ka duba, da cewa aiwatar da gyaran na mai wurin ne. Kai ba jami'in gwamnati ba ne, ba ka da ikon rufe wuri ko ba da lasisi, kuma ba likita ba ne. In ka ga ma'aikaci da alamun magani ya taru a jikinsa, asibiti za ka tura shi. In aiki ya fara girma, ka tambayi kamfanin inshora kan inshorar da ke kare masu ba da shawara in aka kai su ƙara.

Ka sa ziyara ta biyu a cikin yarjejeniyar tun farko, bayan mako huɗu zuwa shida, da kuɗinta a ciki. Ka je da rahoton farko a hannu, ka bi shi layi-layi, ka sake ɗaukar hoto a daidai inda ka ɗauki na baya. Abin da aka gyara ka rubuta, abin da ba a gyara ba ka rubuta da dalilin da aka ba ka, mai wurin ya sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa.